Babi na Biyar: Me Ke Cinye Gashin Mace Idan Shekaru Sun Ja?

"Wai tsufa ne kawai, ko kuwa wani ciwo ne?" Tambayar ke nan da mata da yawa ke yi idan sun haura arba'in da biyar, suka ga kitson da a da yake cika hannu ya koma sirara, tsaga ta yi faɗi, gaban goshi yana ja da baya. Ba kasafai ake kai wannan tambaya asibiti ba. A gidan kitso ake yin ta, ko tsakanin ya da ƙanwa idan yara sun fita, murya ƙasa-ƙasa. Kan macen ƙasar Hausa a rufe yake, ɗankwali a gida, hijabi a waje, don haka sai a yi shekaru gashi yana tafiya babu wanda ya sani sai ita da makitsiyarta.

Tsufa yana da nasa kason, amma ba shi kaɗai ba ne. Raguwar gashi iri-iri ce. Akwai mai warkewa da kanta, akwai wadda magani ke tsayarwa, akwai kuma wadda idan aka yi mata jinkiri gashin ya tafi ke nan har abada. Saboda haka kafin a tambayi wane mai za a shafa, sai an fara gano wace iri ce.

Yadda gashi ke rayuwa

A fatar kan mutum akwai ramukan gashi wajen 100,000. Kowane sili yana da saiwa a ƙarƙashin fata, kuma saiwar ce mai rai. Abin da muke tajewa muke kitsewa a waje ba shi da rai, shi ya sa aski ba ya zafi amma tsiga tana yi.

Kowace saiwa tana fitar da gashi na tsawon shekara 2 zuwa 6, wajen santimita ɗaya a wata, namu na baƙar fata ma ya ɗan gaza hakan. Daga nan sai ta huta kamar wata 3, tsohon silin ya faɗi, sabo ya biyo bayansa ta rami ɗaya. A kan mai lafiya, kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na saiwoyin suna bakin aiki, sauran suna hutu. Shi ya sa zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne.

Wanda ya san lambunan bakin kogin Wudil zai gane wannan da sauƙi. Mai lambu ba ya shuka fangalolinsa duka rana ɗaya. Ana cirar wannan, wancan yana tsiro, shi ya sa kullum lambun kore shar. Matsala na shigowa ne ta hanya uku: ko fangaloli da yawa su nuna a lokaci guda lambu ya yi fili, ko ƙasa ta gaji shuka ta riƙa fitowa a tsamure, ko kuma wani fangalin ya ƙeƙashe ya daina fitar da komai. Yawancin raguwar gashin da za mu yi magana a kai tana cikin ukun nan.

Akwai wani lissafi da zai kwantar wa mata da yawa hankali. Gashin da ya zube a cikin kitso ba ya faɗuwa ƙasa, maƙalewa yake yi har ranar tsifa. Wadda ta bar kitso mako biyu tana iya ganin sili 700 zuwa 1,400 a mataji lokaci guda. Dunƙulen ranar tsifa shi kaɗai ba hujja ba ne. Abin dubawa shi ne ko dunƙulen yana ƙaruwa wata bayan wata, kuma ko fatar kai ta fara bayyana a inda a da ba a ganinta.

Zubewa ce ko karyewa?

Ranar da kika tsefe kai, ki shimfiɗa farin ƙyalle a wuri mai haske, ki warware abin da mataji ya kwaso, ki duba sili-sili. Idan dogo ne, kuma a bakinsa ɗaya akwai ɗan farin ƙulli da yatsa ke iya ji, to daga tushe ya fito, ya cika wa'adinsa ne. Wannan ƙullin ba shi ne saiwar ba, saiwar tana nan a cikin fata. Idan kuwa guntaye ne, wani rabin yatsa, wani ma bai kai ba, babu ƙulli a kowane baki, to karyewa gashin yake yi.

Gashinmu a murɗe yake, kuma kowace lanƙwasa wuri ne mai rauni. Maiƙon da fatar kai ke fitarwa ba ya gangarawa har ƙarshen sili kamar yadda yake yi a miƙaƙƙen gashi, kuma maiƙon yana raguwa da shekaru. Idan hunturu ya zo ya ƙara busar da shi, aka kuma taje shi a bushe da mataji mai ƙananan haƙora, sai ya riƙa kakkaryewa. Maganin karyewa yana hannu: yadda ake wankewa, da tajewa, da shafa mai. Maganin zubewa kuwa sai an leƙa cikin jiki.

Kason shekaru

Yawancin mata suna daina al'ada tsakanin shekara 45 da 55. A lokacin sinadarin mata da ake kira istirojin yana raguwa sosai, shi ne kuwa ke taimaka wa saiwa ta daɗe tana aiki. Ɗan sinadarin maza da kowace mace ke da shi sai tasirinsa ya ƙara fitowa. Ga wadda ta gaji halin, ta wajen uwa ko ta wajen uba, saiwoyin saman kai sai su fara tsukewa. Duk zagaye silin da zai fito ya fi na baya siranta da gajarta, har ya koma kamar ba gashin kai ba.

Alamar wannan iri ita ce tsagar tsakiya ta riƙa faɗi, saman kai ya yi shara-shara, amma ƙeya tana nan da ɗan kaurinta, layin goshi ma galibi bai gusa ba. Babu ƙaiƙayi, babu zafi, kuma a hankali yake tafiya cikin shekaru. Wani likitan fata na Jamus, Erich Ludwig, ya kasa shi mataki uku a 1977, kuma likitoci suna amfani da ma'auninsa har yau. Da wuya mace ta yi sanƙo tal irin na maza. Binciken da aka yi a ƙasashen Turawa ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya bisa uku na matan da suka haura 70 suna da shi, don haka ba baƙon abu ba ne, kuma ba alamar wata muguwar cuta ba ce. Sai dai idan raguwar ta zo da sauri, tare da fitowar gemu da kaurin murya, wannan sai an ga likita ba da ɓata lokaci ba.

Zubewar da ke biyo bayan wahala

Idan jiki ya sha wata babbar wahala, sai ya tura saiwoyi masu yawa hutu a lokaci ɗaya, ya tattara ƙarfinsa wajen abin da ya fi muhimmanci. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, taifot, tiyata, haihuwa, ɓari, rama ta farat ɗaya, ko rashin wani makusanci, duk suna yin haka. Amma tun da hutun saiwa wata uku ne, gashin ba ya zuba sai bayan wata 2 zuwa 3, lokacin an manta da ciwon.

A nan ake yawan ɗora laifi inda ba shi ba. Mace ta kwanta zazzaɓi a tsakiyar damina, cikin Agusta, ta warke. A Nuwamba gashi ya fara biyo mataji, sai ta ce sanyi ne, ko sabon sabulu, ko hannun sabuwar makitsiya, wata ma ta ce baki ne ko an yi mata wani abu. Haka wadda mijinta ya rasu: takaba wata huɗu ce da kwana goma, sau da yawa kuwa daf da fitarta ne za ta ga kai ya zube. An ga irin wannan sosai a duniya bayan annobar korona ta 2020. Ba kuma sabon abu ba ne. A hadisin Asma'u 'yar Abubakar, wanda malamai ke kafa hujja da shi wajen hana ƙarin gashi, matar da ta zo tambaya ta zo ne saboda 'yarta amarya ta yi ƙyanda gashinta ya zube.

Wannan iri daga ko'ina a kai yake zuba, ba ya zaɓar wuri. Idan sanadin ya wuce, yakan tsaya da kansa cikin kamar wata 6, cikar kai kuma ta ɗauki shekara ko fiye. Ga mace mai shekaru, wani lokaci ba ya komawa daidai yadda yake, domin zubewar ta tona siranta ta gado da dama take tafiya a ɓoye.

Jini, maƙoƙo da abin da ke cikin kwano

Saiwar gashi tana cikin sassan jiki masu saurin aiki, don haka tana saurin jin ƙarancin abinci. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya gano cewa kashi 58 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. A jihar Kano, inda binciken ya nuna matsakaicin haihuwar mace ya haura shida a lokacin, mata da yawa suna isa shekarun daina al'ada jikinsu ya riga ya ƙarar da ajiyarsa ta sinadarin ƙarfe: ciki bayan ciki, shayarwa bayan shayarwa, ga zubar jini mai yawa da wasu ke yi a shekarun ƙarshe na al'ada.

Idan mace ta daina al'ada amma har yanzu jininta yana ƙasa, ba a tsayawa kan maganin ƙarin jini kawai, sai an nemo inda yake tsiyaya. Yana iya zama gyambon ciki da yawan shan ƙwayoyin ciwon gwiwa irin su diclofenac da ibuprofen ke jawowa, ko tsutsar ciki, ko tsargiya ga masu yawan hulɗa da ruwan kogi, ko wani abu a hanji. Jinin da ya dawo bayan al'ada ta ɗauke shekara guda kuwa, ko ɗigo ne, magana ce ta asibiti.

Sai ƙullin nan na gaban wuya wanda idan ya kumbura ake cewa maƙoƙo. Ko bai kumbura ba, aikinsa yana iya yin ƙasa ko ya yi yawa, kuma duka biyun suna zubar da gashi. Idan ya yi ƙasa, mace za ta riƙa jin kasala, da sanyi, da taurin bayan gida, da ƙiba ba dalili. Idan ya yi yawa, sai faɗuwar gaba, da gumi, da rawar hannu, da rama. Sau da yawa ana jingina waɗannan ga tsufa, alhali gwajin jini ɗaya ke nuna su, kuma suna da magani. Wasu magungunan asibiti ma suna rage gashi, musamman na ciwon daji. Wadda ta yi zargin haka ta faɗa wa likitan da ya rubuta, kada ta daina sha da kanta.

Gashi da abinci mai gina jiki ake yin sa. A gidaje da yawa tsohuwa ce ke tsame naman miyarta ta miƙa wa jika, ta wuni a kan koko da tuwo. Gari kamar Wudil da ke da kifin kogi, da kara mai ci duk Juma'a, da nonon Fulani, bai kamata iyayensa mata su rasa wannan ba. Wake, gyaɗa, ƙwai, ƙananan kifi, hanta lokaci-lokaci, zogale, alayyafo da rama sun wadatar. Lemo ko gwaiba bayan abinci suna taimaka wa jiki ya tsotsi ƙarfe, shayi kuwa yana hanawa, don haka a bar tazarar kamar awa ɗaya tsakaninsu.

Abin da hannu ke jawowa

Ga tabarma a tsakar gida, Hajiya ta zauna ta jingina da gwiwar makitsiya. An tsaga, an lakato mai an goga a layi, makitsiya ta sa tsinke ta tattaro 'yan ƙananan gashin gaban goshi, waɗanda ba su kai a kama ba, ta haɗa su ta ja. Girar Hajiya ta ɗaga sama, ta runtse ido.

"Wayyo, 'yar nan, sassauta mini."

"Yi haƙuri Hajiya, in bai kamu ba kwana uku zai tashi."

Sai Hajiya ta yi shiru, don ita ma tana son kitson da zai yi mako uku. Daren nan ba za ta iya ɗora gefen kai a matashi ba, sujada ma sai a hankali, wataƙila har da farasitamol. Bayan kwana biyu ƙananan ƙuraje za su feso a bakin layi. Duk waɗannan saƙo ne daga saiwa cewa ana tumɓuke ta.

Raguwar da irin wannan ja ke kawowa ita ce ta fi yawa a tsakanin matan Afirka, ita ce kuma aka fi iya hanawa. Likitar fata Nonhlanhla Khumalo da abokan aikinta sun duba manya a unguwar Langa ta birnin Cape Town a Afirka ta Kudu, suka wallafa a 2007 cewa kashi 31.7 cikin 100 na matan suna da ita. Ta fi tsanani ga waɗanda ake yi wa kitso mai ja a kan gashin da aka sa wa rilaksa. Tana cin gaban goshi, da saman kunnuwa, wani lokaci da ƙeya. Sau da yawa za a ga ɗan siririn layin gashi ya rage a can bakin goshi, bayansa kuma fili.

Dalilin da ya sa take bayyana da girma shi ne taruwa take yi. Yarinyar da aka fara ja wa shuku tun tana 'yar shekara biyar, idan ta kai hamsin saiwoyin goshinta sun sha ja na shekara 45. A farko idan aka sassauta gashin yana dawowa. Idan aka ci gaba, ramin sai ya toshe da tabo. Ba kitso kaɗai ba: ɗaurin ɗankwali mai matse goshi a wuri ɗaya kullum, hula mai roba, tamke gashi da ribom, da nauyin ulu ko ƙarin gashi, duk ja ne.

Ba a ce a daina kitso ba, domin kitso mai sauƙi yana kare gashi daga karyewa. A yi manyan layuka, a bar 'yan gashin goshi su huta ba a kama su ba, a riƙa sauya inda kitson ke fuskanta, a bar kai ya sha iska kwana biyu ko uku tsakanin tsifa da sabon kitso. Mai sa rilaksa ta bar aƙalla mako 8 tsakani, a sabon tsiro kawai, kada kuma a ja kan da kitso a makonni biyun farko. Idan gashi ya riga ya yi siranta, barin rilaksar gaba ɗaya ya fi. Ƙa'idar mai sauƙi ce: kitson da ya yi zafi a warware shi a ranar, ko nawa aka biya.

Idan fatar kai ta yi santsi

Akwai iri mafi haɗari, wanda kumburi a cikin fata ke cinye saiwa. Mafi yawansa a matan baƙar fata yana farawa ne daga tsakar kai, ya riƙa faɗaɗa a kewaye. Likitoci suna kiransa CCCA a taƙaice. Da aka fara bayyana shi a Amurka a 1968 an ɗora laifin a kan mataji mai zafi da ake miƙar da gashi da shi. Daga baya aka same shi ga matan da ba su taɓa amfani da shi ba, kuma a 2019 wani bincike ya gano cewa wasu masu ciwon suna da canji a ƙwayar gado mai suna PADI3. Wato akwai gado a ciki, zafi da rilaksa da ja kuma suna iya ƙara masa ƙarfi.

Alamominsa su ne ƙaiƙayi, ko zogi, ko jin tsakar kai tana zafi idan an taɓa, ko gashin wurin ya riƙa karyewa. Wasu ba sa jin komai. Idan ya yi nisa fatar takan yi sumul tana sheƙi, babu ko ɗigon ramin gashi. Akwai ɗan'uwansa da likita Steven Kossard ya bayyana a Ostareliya a 1994 a tsakanin matan da suka daina al'ada, wanda ke tura layin goshi baya, ya haɗa da cinye gira. Ana yawan ɗaukarsa a matsayin cin kitso, amma zubar gira tana bambanta su.

Inda ya riga ya zama tabo babu man da zai tsirar da gashi. Aikin likita shi ne kashe kumburin da magungunan shafawa, ko allura a fatar kai, ko ƙwayoyi, don a ceci abin da ya rage. Duk watan da aka ɓata ana gwada haɗe-haɗe, da'irar ƙara faɗi take yi. Shi kuwa filin da ke bayyana farat ɗaya, kewayayye mai faɗin kwabo, galibi wani ciwon ne daban na garkuwar jiki, kuma gashinsa yakan dawo.

Man shanu, karkashi da chebe

Iyayenmu ba su yi kuskure ba da suka riƙe man shanu, da man kaɗanya, da karkashi. Yauƙin karkashi yana warware gashi a taje shi ba tare da ya tsinke ba. Man kaɗanya da man kwakwa suna riƙe laima a jikin sili. Chebe da ya shigo daga Chadi shi ma aikinsa ke nan: yana lulluɓe gashi ya hana shi karyewa, sai tsawon ya taru. Duka a jikin sili suke aiki. Ga mai fama da karyewa magani ne na gaske, amma ba sa buɗe ramin da ya toshe, ba sa kuma mayar da istirojin.

A kula da abu biyu. Lafta mai a fatar kai a bar shi makonni, ko rufe jiƙaƙƙen kitso da hula bayan wanka, yana ƙara amosani da ƙaiƙayi, susa kuma tana karya gashi. A wanke kai duk mako ɗaya ko biyu, a bari ya bushe kafin a ɗaura. Sannan a guji goga ɗanyar tafarnuwa, ko kanwa, ko kananzir a wurin da ya cinye. Ƙona fata suke yi, ƙuna kuwa tabo take bari.

Sai masu tallar haɗi, daga mai lasifika a kasuwar Juma'a har masu TikTok da WhatsApp, da alkawarin gashi har gadon baya cikin kwana bakwai. Gashin da ke yin santimita ɗaya a wata, a kwana bakwai milimita biyu ko uku zai yi, ko me aka shafa. Lambar NAFDAC a jikin kwalbar maganin gargajiya tana nuna an yi masa rajista ne, ba shaidar cewa yana tsirar da gashi ba ce. Ƙwayoyin biotin da ake sayarwa da tsada ba sa ƙara komai ga wadda ba ta da ƙarancinsa, kuma a 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa suna iya rikita sakamakon gwajin jini. Mai shan su ta faɗa kafin a ɗebi jininta.

Abin da asibiti ke da shi

Ga siranta ta gado da shekaru, maganin da ya fi samun shaida shi ne minoxidil. Asalinsa ƙwayar hawan jini ce, aka lura masu shan ta suna fitar da gashi, sai aka mayar da shi na shafawa. Amurka ta amince da shi ga maza a 1988, ga mata kuma a 1991. Yana zuwa da ƙarfin kashi 2 da kashi 5 cikin 100. A fatar kai ake ɗiga shi, ba a jikin gashi ba, kan yana bushe, a wanke hannu bayan an gama, kada ya gangaro fuska don yana iya tsirar da gashi a kumatu.

Sai an yi haƙuri da shi. A makonnin farko zubewar tana iya ƙaruwa, domin sababbin silla suna turo tsofaffi, a nan ne kuma mata da yawa ke tsorata su daina. Ba a yanke masa hukunci sai bayan wata 4 zuwa 6. Ba kowa yake yi wa aiki ba, kuma ga mafi yawa abin da yake yi shi ne tsayar da raguwa da ɗan ƙarin kauri, ba mayar da gashin budurci ba. Idan aka daina, abin da aka samu yana zubewa cikin 'yan watanni, don haka a yi lissafin kuɗinsa tun kafin a fara. Mai ciki da mai shayarwa ba sa amfani da shi, mai ciwon zuciya kuma sai da izinin likita. Akwai ƙwayoyi irin su spironolactone da likita kan ƙara, amma suna taɓa hawan jini da gishirin jiki, ba na saye a kemis ba ne. Dashen gashi, wanda ake zuwa Turkiyya dominsa, yana da tsada, kuma ba a yin sa a kan da kumburi ke ci.

Daga ina za a fara?

Mace a Wudil ba sai ta fara da tafiya mai nisa ba. A Babban Asibitin Wudil za a iya duba ta, a auna yawan jini da suga. Idan ana bukatar gwajin ajiyar ƙarfe, ko na maƙoƙo, ko ganin likitan fata, Kano tafiyar kilomita 40 ce ko kusa da haka, kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da likitocin fata. A je da kai a tsefe, ba a lafta masa mai ba. A ɗauki duk magungunan da ake sha da kwalaben da ake shafawa. A tuna ko an yi wani ciwo, ko tiyata, ko rashi, a watanni shidan da suka wuce. Wadda ke jin nauyin buɗe kai gaban namiji ta nemi mace ta duba ta, ko ta shiga da 'yarta. Yana da kyau 'yar ta riƙa ɗaukar hoton tsaga da goshi da waya duk wata, a wuri ɗaya da haske ɗaya, domin ido yana mantuwa.

Abubuwa huɗu ba a jira da su: zafi ko ƙaiƙayi a inda gashi ke tafiya, fata mai sheƙi, zubar gira, da zubewar da ta wuce wata shida ba ta lafa ba. Makitsiya ma tana da rawar takawa, domin ita ke ganin tsakar kan da mai shi ba ta gani. Wadda ta ce "Hajiya, wurin nan ya fara fili, a je a duba" ta fi wadda ta ja gashin gefe ta rufe wurin taimako.

Duk wannan magana ce ta yawan gashi. Akwai kuma ta launinsa, wadda ke zuwa a shekarun nan ɗaya, har mace ta riƙa rina kan da ya riga ya yi rauni. Babi na gaba zai duba furfura: me ke kawo ta, me ya sa wasu ke yin ta tun suna 'yan talatin, da bambancin jan lalle da baƙin dayis wanda ke kumbura wa wasu mata fuska.